Ngadda Bai Taɓa Manta Hanyarsa Ba

Jama'ar Hausari, sau da yawa in ana tarihin Yerwa sai a tsaya kan sarakuna da Turawa, a bar kogin da garin ya zauna a bakinsa. Alhali kuwa ba za a gane garin nan ba sai an san Ngadda.

Bayan Rabeh ya rushe Kukawa a 1893, sarautar Borno ta daɗe ba ta samu mazauni ɗaya ba, sai a 1907 da Shehu Abubakar Garbai ya sauka a Yerwa, kusa da tsohon ƙauyen Maiduguri. Wurin yana kan wani dogon tudun yashi da ya miƙa ta Bama. Masana sun ce wannan tudu shi ne tsohuwar gaɓar Tafkin Chadi, shekaru dubbai da suka wuce, lokacin da tafkin ke da girman gaske. Wato mutanen farko sun zauna a tudu, ruwa yana kusa, amma ba su shiga masa gida ba. Kakanninmu fatake da malamai da maniyyata masu bin hanyar gabas zuwa Makka a haka suka iske garin, suka yada zango, wasunsu suka zauna ke nan.

Shi Ngadda kogin damina ne. Ruwansa daga dausayin Sambisa yake fitowa, ya ratsa gari, ya je ya baje a fadamar Jere inda ake noman shinkafa. Da rani kuwa sai yashi, yara na ƙwallo a cikinsa. Tsofaffi sun san cewa wannan yashi aro ne, mai shi zai dawo.

To, me ya canza? Abu biyu. Na farko fari. Tun daga farin 1973 zuwa na 1984 ruwan sama ya ja baya, Tafkin Chadi ya janye, har babban aikin noman rani na Marte ya rasa ruwan da zai ja. A wannan zamani na ƙishirwa aka gina madatsar Alau a kan Ngadda, aka gama ta a 1986, don ruwan sha da noman rani. Na biyu yawan jama'a. Jirgin ƙasa ya iso a 1964, gari ya zama hedikwatar jiha a 1967, sannan rikicin da ya ɓarke a 2009 ya koro dubban mutane daga ƙauyuka. Wanda ya gudo da ransa ai ba ya zaɓen fili. Inda ya samu nan zai kafa. Haka gidaje suka gangara daga tudu zuwa kwari, magudanai suka cika da leda.

Ruwa ya yi gargaɗi a watan Satumba na 1994, lokacin da ambaliya daga Alau ta shiga gari. Shekara 30 cif bayan nan, a daren wayewar 10 ga Satumba 2024, madatsar ta ɓalle. Ruwa ya mamaye Gwange da Gamboru, ya shiga fadar Shehu da Kasuwar Monday, inda da yawanmu ke neman abinci, ga shi ba a gama farfaɗowa daga gobarar 2023 ba. Dabbobin gidan zu na Sanda Kyarimi da yawa sun mutu. An yi asarar rayuka, Allah ya jiƙansu, dubban ɗaruruwan mutane kuma suka bar gidajensu.

A 2025 an ƙaddamar da aikin sake gina madatsar, muna fatan Allah ya sa a gama lafiya. Amma madatsa ba ta hana kogi zama kogi. Shekara 30 ta isa yaro ya girma ya sayi fili bai taɓa ganin ambaliya ba. Saboda haka duk wanda ya ga inda ruwa ya kai a bangonsa, ya nuna wa 'ya'yansa. Mai sayen fili ya tambayi dattawan wurin kafin ya biya, mu kuma yashe kwatocin unguwa tun kafin ruwan farko ya sauka. Allah ya kiyaye na gaba.