Hula Biyu a Kai Ɗaya: Tarihin Kujerar Ministan Shari'a a Nijeriya

Na daɗe ina zaton Ma'aikatar Shari'a ta Tarayya ita ce uwar alƙalai. Sai da na zauna da Kundin Tsarin Mulki na 1999 na gane alƙalai gidansu daban, wannan ma'aikata kuwa lauyar gwamnati ce. Ita ke tsara daftarin dokokin da ɓangaren zartarwa ke kai wa majalisa, ita ke kare gwamnati idan an kai ta ƙara, ita kuma ke gurfanar da waɗanda ake zargi da karya dokar tarayya. Kowanne daga ayyukan nan yana da sashensa da daraktansa, sama da su akwai Babban Sakatare wanda shi ma lauya ne. Wannan duk tsari ne na ofis. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne mutumin da ke can ƙololuwa.

Sashe na 150 ya ce a naɗa Antoni Janar, lauyan da ya kai shekara goma da cancantar aiki, ya zama babban jami'in shari'a na ƙasa, kuma minista. Sashe na 174 ya damƙa masa ikon shigar da ƙarar laifi, da karɓe wadda wani ya shigar, da janye ta kafin a yanke hukunci. Shugaban ƙasa ne ke naɗa shi, shi ne kuma ke iya sallamarsa da sanarwa guda.

Ba haka aka faro ba. A 1960, lokacin da Taslim Olawale Elias ya hau kujerar, tsarin mulkin 'yancin kai ya keɓe ikon gurfanarwa ga wani darakta, ma'aikacin gwamnati wanda ba ya karɓar umarnin ɗan siyasa. Kafin a je ko'ina aka rushe wannan katanga: ƙarƙashin tsarin mulkin jamhuriya na 1963, daraktan yana amsa umarnin Antoni Janar ne. A ganina nan gizo ke saƙar. Elias masani ne wanda daga baya ya shugabanci Kotun Duniya, amma ba don mutum ɗaya ake ɗinka doka ba. A 1983, a shari'ar Ilori, Kotun Ƙoli ta ƙara wa ikon ƙarfi, ta ce idan Antoni Janar ya janye ƙara, kotu ba ta da hurumin bin diddigin dalilinsa.

Hausawa na cewa ba a tauna taura biyu, mun kuwa ga zahiri a ƙarshen 2009. Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa yana jinya a Saudiyya, ƙasa na tambayar wa ke riƙe da ragama, sai Antoni Janar Michael Aondoakaa ya tsaya a kan cewa shugaba na iya mulki daga ko'ina yake. Shin lauyan ƙasa ne ya yi magana a ranar, ko ministan shugaba? Da Goodluck Jonathan ya zama muƙaddashi a Fabrairun 2010, nan take ya ɗauke shi daga kujerar, abin da ya nuna a hannun wa linzamin yake.

Majalisar Tarayya ta yunƙura ta raba muƙaman biyu a cikin gyaran tsarin mulkin da ta kammala a 2015. Jonathan ɗin nan, wanda ya ga abin da idonsa, ya ƙi sa hannu, kuma batun rabawar yana cikin dalilan da ya bayar.