2.4 Tarihin Amfani da Manhajar Kwamfuta Wajen Nazarin Madatsun Tarin Duwatsu

Wannan sashe zai bi diddigin yadda injiniyoyi suka tashi daga nazarin madatsun ruwa ta fuska biyu zuwa fuska uku, wato tsawo da faɗi da tsayi, da kuma darasin da tarihin ya bari game da zaɓen manhaja.

Madatsar tarin duwatsu ita ce wadda ake ginawa da farfasassun duwatsu da aka daddanne, sannan a tare ruwa da yumɓu a tsakiyarta ko da shimfiɗar kankare a fuskarta. Madatsar Shiroro da ke kan kogin Kaduna, wadda aka buɗe a 1990, tana cikin masu fuskar kankare. Babbar matsalar irin wannan gini ita ce duwatsun suna lotsawa saboda nauyin kansu da na ruwa.

A 1960 Ray Clough na Jami'ar Kalifoniya ya raɗa suna ga wata dabara ta rarraba gini zuwa ƙananan gutsattsari domin kwamfuta ta yi lissafin kowanne. A 1967 shi da Woodward suka yi amfani da ita wajen nazarin madatsar ƙasa, suna kwaikwayon yadda ake ɗora gini hawa-hawa. A 1970 kuma Duncan da Chang suka fito da tsarin lissafi da ke nuna cewa lotsawar ƙasa ba ta tafiya daidai da ƙaruwar nauyi. Saboda ƙarancin ƙarfin kwamfutocin lokacin, akasarin nazarin yanki guda ne na madatsa ta fuska biyu.

Daga baya ne manhajojin sayarwa suka bayyana. Kamfanin Itasca na Amurka ya fitar da FLAC a 1986, da FLAC3D a 1994. An fara aikin PLAXIS a Jami'ar Fasaha ta Delft da ke Holan a 1987, aka fitar da PLAXIS 3D a 2010.

Sai dai abin da ya fi nuna muhimmancin fuska uku shi ne asarar da aka yi. A 2005 fuskokin kankare na madatsun Campos Novos mai tsayin mita 202 da Barra Grande mai mita 185 a Birazil suka tsage lokacin cika su da ruwa. A 2006 haka ta faru ga madatsar Mohale mai mita 145 a Lesoto. Bincike ya nuna cewa duwatsun sun matso daga gefunan kwari zuwa tsakiya, suka matse shimfiɗar kankaren har ta farfashe. Nazarin fuska biyu ba ya iya hango wannan motsi, domin yana faruwa ne a bisa tsawon madatsar.

Daga bayanan da suka gabata za a fahimci cewa sunan manhaja ba shi ne abin lura na farko ba. Siffar kwarin ce ke nuna ko ana bukatar fuska uku. Bayan haka a duba ko manhajar tana kwaikwayon gini hawa-hawa, da cikar ruwa, da zamewar kankare a kan duwatsu. Kuma ko wace manhaja aka zaɓa, ingancin sakamakonta ba zai wuce ingancin gwajin da aka yi wa duwatsun ba. A kan waɗannan ma'aunai ne za a kwatanta manhajojin a babi na uku.