Tafiyar mota zuwa tsaunukan Ennedi na Cadi: abin da ya kamata matafiyi ya sani

Ennedi yanki ne na tsaunuka da kwazazzabai a arewa maso gabashin Cadi, cikin hamadar Sahara. Iska da ruwa ne suka sassaƙe duwatsunsa, waɗansu suka zama kamar ginshiƙai, waɗansu kamar ƙofofin gari. Hukumar UNESCO ta sanya shi cikin jerin wuraren tarihi na duniya a 2016. Tun 2018 ƙungiyar African Parks ke kula da gandun Ennedi tare da gwamnatin Cadi, kuma faɗinsa ya kai kimanin murabba'in kilomita 50,000.

Wuraren da ake zuwa gani

Mafi shahara shi ne tafkin Arshe, wanda ke cikin wani matsattsen kwazazzabo mai dogayen bangaye, kudu maso gabashin garin Fada. Ruwansa ba ya ƙafewa, shi ya sa makiyaya ke kawo ɗaruruwan raƙuma shan ruwa. A cikinsa akwai 'yan tsirarun kadoji, ragowar zamanin da Sahara ke da koguna. Akwai kuma dutsen Aloba mai siffar baka, wanda tsayinsa ya kai kimanin mita 120. A kogunan dutse na Terkei da Manda Geli ana ganin zanen shanu da mahaya dawakai da raƙuma da mutanen da suka yi. Mai isasshen lokaci yana iya wucewa arewa zuwa tafkunan Unianga guda 18, waɗanda UNESCO ta yi wa rajista a 2012.

Hanya

Daga Njamena hanyoyi biyu ne. Ta farko ta bi kwalta ta Mongo zuwa Abeshe, kimanin kilomita 900, sannan a yi arewa ta Biltin da Arada zuwa Kalait. Ta biyu ta bi Masakori da Musoro, ta ratsa busasshen kwarin Bahar el Gazal, ita ma ta ɓulla Kalait. Wannan yawancinta rairayi ne. Kalait babbar kasuwa ce, nan ake cika tanki da jarkoki kafin a shiga tsaunuka. Zuwa kaɗai yana cin kwana 3 zuwa 4, don haka a ware mako biyu.

Lokaci

Daga Nuwamba zuwa Fabarairu ya fi dacewa. Rana da sauƙi, amma dare da sanyi mai tsanani, sai da bargo. Daga Afrilu zafi yana tsananta. Da damina kuma ruwa kan cika kwaruruka ba zato, ya yanke hanya, don haka ba a kwana a cikin kwari.

Mota da guzuri

Ana buƙatar katkat mai ƙarfi, kuma gara motoci biyu su tafi tare, domin idan ɗaya ta lalace ba gareji a kusa. A riƙe tayoyin safaya biyu, shebur, igiyar ja, da famfon iska, saboda ana rage iskar taya a cikin rairayi. Kowane mutum ya tanadi aƙalla lita 5 na ruwan sha a yini. Waya ba ta kamawa a mafi yawan wuraren.

Takardu da kuɗi

Baƙo yana buƙatar takardar izinin yawo, wadda ake karɓa a Njamena, kuma jami'an tsaro kan nemi ganinta a shingaye. A tafi da katin rigakafin shawara. Masu zuwa daga Nijar ko Benin su lura: sefar Cadi ta Afirka ta Tsakiya ce, irin ta Kamaru. Darajarta ɗaya da ta yamma, amma takardun daban ne, sai an yi canji.

Tsaro

Har yanzu akwai nakiyoyin da aka binne a arewacin Cadi tun yaƙinta da Libiya a shekarun 1980. A Fada ma an gwabza a Janairun 1987. Saboda haka ba a kauce wa sawun motoci, kuma ba a tafiya sai da ɗan jagora na yankin. Yaƙin Sudan da ya ɓarke a Afrilun 2023 ya kwararo da 'yan gudun hijira gabashin Cadi, don haka a binciki halin da hanyar Abeshe ke ciki kafin a tashi.

Larabcin Cadi ya fi Faransanci amfani a hanya, mutanen wurin kuma Goranawa ne da Zagawa. Ruwan Arshe shi ne rayuwar dabbobinsu: kada a yi wanka ko wanki a ciki, kada a taɓa zanen duwatsu, kuma a nemi izini kafin a ɗauki hoton kowa.