Haƙƙin Baƙo a Illela, Daga Zaure Zuwa Aji

Tun kafin Turawan Ingila da na Faransa su shata iyaka a tsakanin Sakkwato da Adar, ƙasar da Illela take a yau, daura da Birnin Ƙwanni, mahaɗa ce ta jama'a iri-iri: Adarawa da Gobirawa manoma, da Fulani masu shanu, da Buzaye masu raƙuma, da kuma Azna, waɗanda har yanzu suke taruwa a Massalata kowace shekara domin al'adarsu ta arwa. Sa'ad da Marafa Muhammadu Maiturare, wanda ya zama Sarkin Musulmi a 1915, ya kafa ribaɗi a Gwadabawa wajen ƙarshen ƙarni na 19, da baƙi ya raya dajin arewa, ya ba su amana da gona, kowane jinsi ƙarƙashin babbansa.

Yarjejeniyar Ingila da Faransa ta 1898 ta zana da'ira mai nisan mil 100 kewaye da Sakkwato, ta sa Ƙwanni a rabon Ingila, amma hakan bai hana rundunar Faransa ta Voulet da Chanoine ta yi wa birnin kisan gilla a 1899 ba. Daga baya aka sake rabo, aka kafa alamun iyaka tsakanin 1906 da 1908, Ƙwanni ta koma hannun Faransa, mutum ya wayi gari kawunsa ya zama ɗan wata ƙasa.

Abin da ya riƙe zumunci bayan wannan yanka shi ne al'adar masauki, wadda a ganina ba a ba ta darajar da ta cancanta ba. Idan Buzu ko Bafillace ya koro dabbobinsa kasuwar Lahadi, ba ya jin Hausa sosai, bai san farashi ba, bai kuwa da dangi a gari, sai ya sauka gidan fatomansa, wanda zai ba shi ɗaki da tuwo, ya ajiye masa kuɗi, ya yi masa tafinta gaban dillali, ya tsaya masa lamuni idan an sayi bajimi bashi, ya kuma raka shi gaban alƙali in gardama ta tashi. Gaskiya ne fatoma yana cin la'ada, kuma ba za a ce ba a taɓa zaluntar baƙo ba, balle a manta da ƙasƙancin da bauta ta bar wa wasu gidaje. Amma duk da haka jama'a sun ɗauki kare baƙo wajibi, wanda ya ci amanarsa kuwa ya zubar da mutuncinsa a kasuwa har abada.

A fagen ilimi ma magabata sun bar sunna kyakkyawa. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda aka haifa a Maratta, ba nisa da nan, a 1754, ya yi wa'azi da Fillanci da Hausa domin kowa ya fahimci addininsa da harshen da ya tashi da shi, 'yarsa Nana Asma'u kuma, wadda ta san Larabci da Fillanci da Hausa da Buzanci, ta aika jajis, wato malamai mata, ƙauyuka su karantar da matan da ba su da ikon zuwa zauren malami.

Makarantar boko ba ta gaji wannan hikima ba. Da aka buɗe ilimin firamare kyauta ga kowa a 1976, jim kaɗan bayan farin 1973 da 1974 ya koro Buzaye da yawa kudu sun rasa dukiyarsu, sai manufar ilimi ta 1977 ta ce a fara koyar da yaro da harshen uwa ko harshen da ya fi rinjaye a garin. A Illela wannan harshe Hausa ne, saboda haka ɗan ruga da ɗan zango sukan zauna a aji da baƙin harsuna biyu a kansu, Hausa da Turanci, ga dariyar yara saboda karin harshensu, ga kuma zangon karatu da bai san lokacin da garke yake tashi neman ruwa da ciyawa ba. Idan yaron ya yi shiru sai a ce daƙiƙi ne, alhali kuwa shi ne yake gane kowace saniyar ubansa da sunanta da asalinta.

A 1989 gwamnatin tarayya ta kafa Hukumar Ilimin Makiyaya, wadda ta yarda da makaranta mai bin garke da lokutan karatu masu sassauci, kuma wannan ikirari ne cewa laifin ba na yaron ba ne. Sai dai doka ba ta shiga aji da ƙafarta. Abin da ɗan makiyayi yake bukata a Illela shi ne malami mai jin Fillanci ko Buzanci, da shugaban makaranta da zai karɓe shi idan ya dawo daga mashekari a tsakiyar zango, ba tare da ya tambaye shi ko ta wane gefen iyaka aka haife shi ba.