Karatun shirya fim a jami'o'in Iran

A Iran, mai son karantar shirya fim a jami'a sai ya bi ta Konkur, jarrabawar shiga jami'a ta ƙasa, wadda ke da ɓangaren fasaha. Fitattun makarantun suna Tehran ne: Jami'ar Fasaha mai tsangayar silima da wasan kwaikwayo, da jami'ar hukumar rediyo da talabijin ta ƙasa, IRIB. Da Farisanci ake koyarwa, don haka baƙo yakan fara da koyon harshen.

Ana koyar da rubuta labari, ba da umarni, ɗaukar hoto da tace fim. Sai dai ɗalibi yana koyon doka tare da sana'ar. Fim ɗin da za a haska wa jama'a sai da izinin Ma'aikatar Al'adu da Shiryarwar Musulunci. Mace ba ta fitowa kai a buɗe ko a ɗakinta aka nuna ta, namiji da mace kuma ba sa taɓa juna. Wannan na cikin dalilan da suka sa daraktoci da dama suka koma ga labaran yara, tituna da hira cikin mota.

Jafar Panahi ɗalibin makarantar IRIB ne. A 2010 kotu ta hana shi shirya fim na shekara 20, amma a 2025 ya lashe Palme d'Or a Cannes. Asghar Farhadi, mai Oscar a 2012 da 2017, wasan kwaikwayo ya karanta a Jami'ar Tehran. Abbas Kiarostami kuwa zane ya karanta, ya fito da gajeren fim ɗinsa na farko a 1970 a cibiyar yara ta Kanun.