Daga Sifirin Zuwa Kwamfuta: Yadda Muka Koyi Sarrafa Iskar Turbo a Titin Boɗinga da Shagari

Manyan motocin kaya ne suka kawo mana turbo. Kayan da suka taso daga Sakkwato za su yi kudu, siminti ne daga Kalambaina, albasa ce ko shanu, sai sun ratsa Boɗinga da Shagari kafin su kai Tambuwal, Jega, Yawuri har Kwantagora. Saboda haka mu makanikan bakin wannan titi a kan injin gas muka buɗe ido.

Zamanin iyayen gidanmu, wato lokacin da Alhaji Shehu Shagari ke mulki daga 1979 zuwa 1983, Marsandi 911 ce sarauniyar hanya, ga Steyr da ake haɗawa a Bauchi, ga Fiat ta Kano. Mafi yawan injinan nan da kansu suke shaƙar iska. Direba ya ce mota ba ta ja, sai a nufi famfon injekta da nozul, shi ke nan. Alhali dabarar turbo ta tsufa a Turai, domin tun 1905 wani injiniya ɗan Suwizalan, Alfred Büchi, ya yi mata rajista. Mu sai da DAF da Mack da Iveco na hannu suka cika titi muka fara kwance ta da hannunmu.

Aikinta kamar zugazugin maƙeri ne, sai dai hayaƙin injin ke zuga ta. Hayaƙin ya juya farfela ɗaya, ita kuma ta juya 'yar'uwarta da ke tura iska cikin injin, gudun ya haura sau 100,000 a minti. In an ƙyale ta ba linzami, ƙarin hayaƙi ya kawo ƙarin iska, ƙarin iska ta kawo ƙarin hayaƙi, har wani abu ya fashe. Linzamin wata 'yar ƙofa ce a gefen salansa. A jikinta akwai gwangwani mai sifirin da roba a ciki, da siririyar sanda mai zare, da tiyon da ke ɗebo iska daga bakin turbo. Matsin iska ya kai inda kamfani ya tsara, sai ya danne sifirin, sanda ta tura ƙofa, rarar hayaƙi ta wuce ta gefe.

Ranar da makanikai suka gane wannan sanda, ranar sana'a ta sauya. Direba zai zo ya jingina da ƙofar gareji ya ce, "Maigida, motag ga ta mutu bisa tudu, a ƙaro mata iska." Sai a sassauta noti, a murza sandar ta gajarta zagaye ɗaya ko biyu, ƙofar ta riƙa jinkirin buɗewa. Masu wayo suka koma datse tiyo su sa ɗan bawul mai ƙwallo da sifirin, don iskar ta makara kafin ta isa gwangwanin. Wannan yana da ma'ana in akwai agogon awo. Masu ganganci kuwa waya suke sa wa su ɗaure tiyon tamau, ko su kai wa mai walda ya like ƙofar gaba ɗaya. Motar takan yi tashin doki na mako biyu, sannan a jawo ta da igiya, gasket ya ƙone ko farfela ta tarwatse ta watsa ƙarfe cikin injin.

Abin da direbobi ba sa son ji shi ne, a injin gas iska kaɗai ba ta ƙara ƙarfin kirki sai an ƙara mata mai, kuma man ne ke kawo zafin da ke narka fistin. Baƙin hayaƙin da wasu ke alfahari da shi mai ne da bai samu iskar ƙonewa ba. Ga kuma yanayinmu. Iskar da aka matse zafi take yi, a watan Afrilu zafin garin kansa ya wuce digiri 40, mota ɗauke da lodin da ya fi ƙarfinta. A injin fetur abin ya fi sauri: ka ji ƙwanƙwasa, kafin ka sauka titi aiki ya gama.

Kamfanin Saab na Suwidin ya fara bai wa na'ura ragamar wannan ƙofa a 1982. Mu abin ya iso mana da motocin Kwatano, Golf da Sharon masu injin 1.9 TDI. A nan wani ɗan bawul na lantarki, N75, shi ke tsakanin turbo da gwangwani, kwamfutar mota ke ba shi umarni. Wasu ma babu ƙofar, fukafukai ne a ciki masu buɗewa da tsukewa. Ka taɓa sanda da ka, kwamfuta ta ga iska ta zarce, ta kashe wa motar gwiwa ta koma tafiyar kura. Sau da yawa ma ba a taɓa komai ba, toka ce ta daskarar da fukafukan. Yanzu yaran da muka koya wa riƙe sifana su ne ke zuwa daga Sakkwato da kwamfutar hannu suna karanta mana laifin mota, wasunsu har sauya lissafin mai da iska suke yi. Ba na ƙyashi, amma wanda bai taɓa ganin narkakken fistin ba yana da saurin danna maɓalli.

Duk da haka, yawancin turbo da ke mutuwa a wannan titi ƙurar hunturu da gurɓataccen baƙin mai ke kashe su, sai ɗabi'ar kashe injin da zafinsa daga doguwar tafiya. Direbobi, ku bar mota ta yi silo na minti biyu ko uku kafin ku zare makulli, ku sauya filtar iska maimakon bugun ta a jikin taya. 'Yan'uwana makanikai kuma, wanda ba shi da agogon awon iska a akwatinsa, don Allah ya bar sandar nan yadda ya same ta.