Juya da Bakarare: Tarihin Laifin da Aka Ɗora wa Mata Su Kaɗai

Bayan yaƙin basasar Salaga na 1892, fataken goro Hausawa sun watsu zuwa Kete-Krachi da Yendi da sauran garuruwa. Da Turawa suka mai da Tamale hedikwatar Arewa a 1907, zangonmu ya ƙara cika. Kakanninmu sun zo da malamai da wanzamai da masu magani, sun kuma zo da wata tsohuwar fahimta: in aure ya daɗe babu haihuwa, matar ce juya. Kalmar bakarare tana nan a harshenmu, amma da wuya a ji an kira magidanci da ita. Maganin da aka sani shi ne a yi wa matar kishiya, ko a sake ta.

Littattafan da aka karanta a zaurukan zango ba su wanke namiji ba. Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda ɗaliban mazhabar Malikiyya suka sani, ta ba mijin da ya kasa kusantar iyalinsa wa'adin shekara guda, in bai warke ba matar tana da zaɓin rabuwa. Sai dai abin da ake iya ganewa a wancan zamani shi ne rashin kuzari. Namiji mai ƙarfi wanda maniyyinsa ba ya ba da ciki, babu hanyar gano shi.

Hanyar ta fara buɗewa a 1677, lokacin da Antonie van Leeuwenhoek na ƙasar Holan ya ga ƙwayoyin maniyyi ta madubi mai ƙara girman abu. A 1980 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da littafinta na farko kan gwajin maniyyi, bugu na shida ya fito a 2021. Yau likitoci sun tabbatar cewa a kusan rabin auren da haihuwa ta yi wuya, akwai matsala a wajen miji.

Dalilan ba baƙi ba ne a Arewacin Gana: ciwon sanyi da ba a yi maganinsa ba har ya toshe hanyar maniyyi, hangum bayan balaga, tsargiya daga ruwan tafki, kumburin jijiyoyin maraina, yawan zafi da shan taba. Gwajin kuwa mai sauƙi ne. Miji zai ƙaurace wa iyali kwana 2 zuwa 7, a duba yawan ƙwayoyin da motsinsu da siffarsu. In an ga rauni a maimaita bayan kamar wata uku, domin sababbin ƙwayoyi na ɗaukar kwana 74 ko kusa da haka kafin su nuna.

Asibitin Koyarwa na Tamale, wanda aka buɗe a 1974, yana cikin garinmu. Kakanninmu suna da uzurin rashin sani, mu kuwa ba mu da shi. Haihuwa ta Allah ce, amma adalci ga matar aure yana wuyan miji. Kafin a nemi ta biyu, malam, a je asibiti tare da ta farko.